Yadda Za Ku Bi Shari'ar Ɗan'uwanku Daga Caji Ofis Har Zuwa Hukunci

Yawancin shari'o'in laifi da talaka ke faɗuwa a cikinsu tun kafin a ga fuskar alƙali suke lalacewa. A caji ofis suke lalacewa, a kwana ɗaya ko biyu na farko, lokacin da hankalin kowa a gida ya tashi ana ta cigiyar wanda ya san DPO, wato shugaban caji ofis, shi kuwa wanda aka kama yana bayan kanta yana dangwala yatsa a takardar da ba a karanta masa ba. Wannan jagora na iyalan da abin ya faɗa wa ne, don su san abin da za su yi da wanda za su guje wa a kowane mataki. Ba zai maye gurbin lauya ba, amma zai hana a juya ku yadda aka ga dama.

Dokokin da zan riƙa ambata su ne Kundin Tsarin Mulkin Najeriya na 1999, da Dokar Gudanar da Shari'ar Laifuka ta 2015 wadda lauyoyi ke kira ACJA, da Dokar 'Yan Sanda ta 2020, da kundin Penal Code da Arewa ke aiki da shi tun 1960. ACJA ta kotunan tarayya ce da Abuja, amma jihohi sun yi nasu a kan tsarinta: Kaduna a 2017, Kano a 2019. Lambobin sassan sukan bambanta daga jiha zuwa jiha, manufar dai kusan ɗaya ce.

Mataki na farko: ranar da aka yi kamu

Kada kowa ya yi kokawa da jami'i, kada a taru ana ihu, kada a yi yunƙurin ƙwace mutum. Hana jami'i aikinsa laifi ne mai zaman kansa, kuma sau da yawa shi ne ke kama mutum ko da zargin farko ya rushe. Babba ɗaya a gidan ya matsa cikin natsuwa ya yi tambaya uku: daga wane ofishi kuke, laifin me ake zarginsa da shi, ina za ku kai shi? A rubuta lokaci, da lambar mota idan akwai, da sunan da ke ƙirjin rigar jami'in. Wani ya bi su a baya har ya ga ƙofar da aka shiga da shi. Wannan yana da muhimmanci domin masu kama mutane suna da yawa: 'yan sandan yanki, sashen binciken manyan laifuka na jiha, NDLEA, EFCC, DSS, sibil difens. Idan 'yan banga ne ko 'yan sintirin unguwa suka kama shi, doka ba ta ba su ikon tsare shi ko horar da shi ba, wajibinsu su miƙa shi ga 'yan sanda ba da ɓata lokaci ba.

Abubuwa biyu da aka saba yi doka ta haramta su ƙarara. Na ɗaya kama wani a madadin wani: a zo neman yaro a rasa shi, sai a tafi da mahaifinsa ko matarsa "har sai ya fito". Sashe na 7 na ACJA da sashe na 36 na Dokar 'Yan Sanda duk sun hana wannan. Na biyu kama mutum a kan bashi ko saɓa yarjejeniyar ciniki. Sashe na 8 na ACJA ya ce ba a kama mutum don rikicin da na kotun farar hula ne kawai. Caji ofis ba wurin karɓar bashi ba ne, kodayake masu ƙara sun iya canza wa bashi suna su kira shi zamba ko cin amana. Zan dawo kan wannan.

Kayan da aka karɓa daga jikinsa, waya, kuɗi, makullin babur, doka ta ce a rubuta su a takarda shi ma ya sa hannu. Ku nemi a yi hakan. Idan mace ce, mace ce za ta caje ta.

Mataki na biyu: bayanin da ake rubutawa

A nan ne ake cin shari'a ko a faɗi, don haka zan daɗe a kai.

Ga yadda abin yake gudana. Ɗan sanda mai bincike, wanda ake kira IPO, zai fito da wanda ake zargi daga sel, ya zaunar da shi a benci, ya ɗauko fom mai layi-layi. A saman fom ɗin akwai gargaɗi da Turanci cewa ba dole ne ka yi magana ba, amma duk abin da ka faɗa za a rubuta kuma za a iya kafa hujja da shi. Sau da yawa ba a fassara wannan gargaɗin. Mutum yana ba da labari da Hausa, IPO yana rubutawa da Turanci. Ya ce "na sayi wayar a hannunsa naira dubu talatin", a rubuta abin da ke nuna ya san ta sata ce. A ƙarshe a turo masa tawada a ce "dangwala nan ka tafi gida". Bayan wata shida sai ga takardar a gaban alƙali a matsayin iƙirarin laifi, kuma kotu tana iya ɗaure mutum a kan iƙirarinsa kaɗai idan ta gamsu cewa da son ransa ya yi shi.

Sashe na 35(2) na Tsarin Mulki ya ba duk wanda aka kama 'yancin yin shiru, ya ƙi amsa kowace tambaya har sai ya gana da lauya ko wani da ya zaɓa. Sashe na 17 na ACJA ya tanadi a ɗauki bayani a gaban lauyansa, idan ba shi da lauya a gaban jami'in Hukumar Ba da Agajin Shari'a ko wani da ya amince da shi, kuma a samar masa da tafinta idan ba ya jin Turanci. Sashe na 15 ya yi maganar ɗaukar iƙirari a bidiyo. Saboda haka abin da za ku isar wa ɗan'uwanku tun a ganin farko gajere ne: ya faɗi sunansa da adireshinsa, sannan ya ce cikin ladabi, "Ranka ya daɗe, zan yi bayani idan lauyana ya zo." Kada ya sa hannu a farar takarda. Kada ya sa hannu a abin da ba a karanta masa da harshen da yake ji ba.

Akwai abu ɗaya da bai kamata a jinkirta faɗinsa ba. Idan a lokacin da aka ce an yi laifin shi yana wani wuri dabam, misali yana kasuwar Dawanau yana lodi ko yana kwance a asibiti, to a faɗa wa 'yan sanda tun da wuri, tare da lauya, da cikakken bayani: ina ne, daga ƙarfe nawa zuwa nawa, su wa suka gan shi. Kotunan Najeriya sun daɗe suna cewa wannan kariya a farkon bincike ake kawo ta don 'yan sanda su je su tabbatar. Wanda ya ajiye ta sai ranar da ya shiga akwatin shaida, alƙali yana iya ɗaukarta a matsayin ƙirƙira.

Idan an doke shi ko an rataye shi don ya amsa, ku sani Dokar Hana Azabtarwa ta 2017 ta tanadi ɗaurin da zai iya kai shekara 25 ga jami'in da ya aikata, kuma sashe na 29 na Dokar Shaida ta 2011 ya hana kotu karɓar iƙirarin da aka samo ta hanyar gallazawa. Sai dai faɗi da baki ba ya isa. Da zarar ya fito ku ɗauki hoton raunukan, ku kai shi asibitin gwamnati, ku adana kati da rahoton likita.

Mataki na uku: lauya

Ku nemo shi a ranar farko, kada ku bari sai an je kotu. Ku nemi wanda ya saba da shari'ar laifuka, domin lauyan da ya ƙware a takardun fili ba lallai ya san lungunan beli ba. Ku yi maganar kuɗi a fili tun farko: nawa ne na zuwa caji ofis, nawa ne na neman beli, nawa ne na shari'ar gaba ɗaya, kuma ku karɓi rasit. Sannan ku gaya masa gaskiya duka, har da wadda ba ta da daɗi. Doka ta kare sirrin da ke tsakanin lauya da wanda yake karewa, kuma lauyan da ya fara jin mugun labari daga bakin shaidar gwamnati a tsakiyar kotu ba abin da zai iya yi.

Wanda ba shi da hali ya je Hukumar Ba da Agajin Shari'a, wato Legal Aid Council, wadda aka kafa a 1976 kuma tana da ofisoshi a jihohi. Akwai kuma rassan Ƙungiyar Lauyoyi ta Najeriya, NBA, da ƙungiyar mata lauyoyi FIDA, da Hukumar Kare Haƙƙin Ɗan'adam ta Ƙasa. Ku yi hattara da masu shawagi a harabar kotu da caji ofis suna cewa sun san alƙali ko sun san oga. Kuɗinku za su ci, wani lokaci su jawo muku tuhumar ba da cin hanci.

Mataki na huɗu: belin 'yan sanda

Tsarin Mulki ya ce a kai wanda aka kama kotu cikin kwana ɗaya idan akwai kotun da ke da hurumi a tazarar kilomita 40, ko kwana biyu idan babu. Wannan ƙa'ida ba ta shafi wanda ake zargi da laifin da hukuncinsa kisa ne ba. A sauran laifuka, idan bincike bai kammala ba, 'yan sanda suna da ikon ba da beli, kuma kyauta ne. A bangon caji ofis da yawa ma an rubuta haka. Kowa ya san abin da ake yi a zahiri, amma rubutacciyar takardar neman beli daga lauya zuwa ga DPO tana canza yanayin magana ƙwarai. Idan an wuce wa'adi ba beli ba kotu, lauya zai iya shigar da ƙarar kare haƙƙi a babbar kotu ƙarƙashin sashe na 46 na Tsarin Mulki, ya nemi a saki mutum har da diyya. Ana kuma iya kai koke ga kwamishinan 'yan sandan jiha ko Hukumar Kula da Aikin 'Yan Sanda.

Ku kiyayi kamun yammacin Juma'a, domin kotuna ba sa zama Asabar da Lahadi. Idan an aiko takardar gayyata, ya fi kyau mutum ya je da safe a farkon mako, da lauyansa da wanda zai tsaya masa.

Mataki na biyar: ranar karanta tuhuma

A kotun majistare ta Arewa, ƙara takan zo ne a takardar da ake kira FIR, rahoton farko na 'yan sanda. Magatakarda zai kira suna, mutum ya shiga akwati, a karanta tuhumar a fassara masa, a tambaye shi ko ya gane, sannan a tambaye shi ko gaskiya ne. Duka abin ba ya wuce 'yan mintuna, kotu cike da jama'a, shi kuma ya kwana uku bai yi barcin kirki ba. Mutane da yawa a nan suke cewa "haka ne, a yi mini afuwa", domin wani ya raɗa musu a hanya cewa in ka amsa tara kawai za a ci ka. Wanda ya amsa, kotu tana iya yanke masa hukunci nan take ba tare da an kira shaida ko ɗaya ba, kuma sunansa ya shiga cikin waɗanda aka taɓa samu da laifi, abin da zai iya binsa wajen neman aiki ko biza.

Sashe na 36(5) na Tsarin Mulki ya ce duk wanda ake tuhuma ba shi da laifi har sai an tabbatar. Cewa "ban aikata ba" a kotu ma'anarta ita ce mai ƙara ya kawo hujjarsa. Idan bai gana da lauya ba, ya musanta ko ya roƙi kotu ta ba shi lokaci ya nemo lauya. Idan bai gane abin da aka karanta ba ya faɗa, tafinta haƙƙinsa ne kuma ba a biya. Haka abin yake a kotunan shari'ar Musulunci na jihohin da suka kafa dokokin laifuka na Shari'a tun daga shekarar 2000, irin su Zamfara da Kano: lauya yana tsayawa a can ma, kuma iƙirari a gaban alƙali yana da nauyi sosai.

Ga tuhume-tuhumen da aka fi gani, bisa tsohon Penal Code, tare da tuna cewa wasu jihohi sun sabunta nasu sun ƙara hukunci. Sata, sashe na 287, ɗauri har shekara 5. Cin amana, sashe na 312, har shekara 7, kuma a nan ne rikicin 'yan kasuwa ke faɗawa: an ba mutum kaya ya sayar, ciniki ya karye, sai a ce ya ci amana. Dole mai ƙara ya nuna an damƙa masa dukiyar kuma ya karkatar da ita da mugun nufi. Asarar kasuwa kaɗai ba laifi ba ce, shi ya sa littafin ciniki, da shaidar tura kuɗi ta banki, da saƙonnin WhatsApp suke ceton mutum. Karɓar kayan sata, sashe na 317, har shekara 14, ya fi satar kanta nauyi, kuma shi ne ke kama masu sayen tsohuwar waya da babur. Dokar Shaida ta ba kotu damar ɗauka cewa wanda aka samu da kayan sata jim kaɗan bayan an sace su, ko shi ne ɓarawon ko ya san na sata ne, sai in ya yi gamsasshen bayani. Rasit, da shagon da aka saya, da wanda aka yi cinikin a gabansa, su ne bayanin. Kusan kullum za ku ga an haɗa da "haɗa baki", sashe na 97, idan waɗanda ake zargi sun wuce ɗaya. Laifukan ƙwaya kuwa Babbar Kotun Tarayya ake kai su ƙarƙashin dokar NDLEA, kuma hukuncinsu yana da tsauri.

Mataki na shida: belin kotu

A ƙananan laifuka beli shi ne asali, sai in mai gabatar da ƙara ya nuna dalilin hanawa, kamar tsoron mutum zai gudu, ko zai tsoratar da shaidu, ko zai sake aikata laifi. A laifin da hukuncinsa kisa ne, kamar kisan kai ƙarƙashin sashe na 221 na Penal Code ko fashi da makami, alƙalin babbar kotu ne kaɗai ke ba da beli, shi ma sai da dalili na musamman irin rashin lafiya mai tsanani ko jinkirin shari'a da ya wuce ƙima.

Ku zo kotu da masu tsayawa tun ranar farko, da katin shaida, da hotuna, da shaidar wurin zama. Mutane da yawa sun kwana gidan yari bayan an ba su beli don kawai mai tsayawa bai zo da takardunsa ba kafin a tashi aiki. Kuɗin da alƙali ya ambata, a ce naira dubu ɗari biyu, galibi ba biya ake yi nan take ba, alkawari ne cewa mai tsayawa zai biya idan mutum ya gudu. Mace tana da ikon tsayawa beli, sashe na 167 na ACJA ya faɗa a sarari, kada wani ya ce muku ba ta isa ba. Idan sharuɗɗan sun fi ƙarfinku, lauya zai iya neman a sassauta. Shi kuma wanda aka ba beli kada ya kuskura ya tsallake zama ko ɗaya. In rashin lafiya ce, a aiko wa kotu takardar asibiti a ranar.

Mataki na bakwai: idan an kai shi ajiya

Wannan shi ne ramin da mutane ke ɓacewa a cikinsa. Ana kai wanda ake zargi da babban laifi gaban majistare wanda ba shi da hurumin sauraron ƙarar, sai a tura shi gidan gyaran hali, a Kano Kurmawa ko Goron Dutse, a ce ana jiran shawarar Ma'aikatar Shari'a. Kusan kashi biyu cikin uku na mutanen da ke gidajen yarin Najeriya jiran shari'a suke, ba a yanke musu hukunci ba. ACJA ta taƙaita umarnin ajiya na farko zuwa kwana 14, ana iya sabuntawa amma da iyaka, kuma bayan haka dole hukuma ta zo ta bayyana dalilin da zai hana a saki mutum.

Fayil ba ya tafiya da ƙafarsa. Ku ware mutum ɗaya a dangi mai haƙuri da iya rubutu, ku ba shi littafi. Ya rubuta lambar ƙara, sunan kotu, sunan IPO, da ranar kowane zama. Ya bincika tare da lauya: shin 'yan sanda sun tura fayil Ma'aikatar Shari'a? Wace rana? Wane lauyan gwamnati aka ba? Shawara ta fito? Idan ta fito cewa ba shi da tuhumar amsawa, an kai wa kotu kwafi? Akwai waɗanda suka ƙara watanni a tsare bayan an wanke su, don takardar tana kwance a wani tebur. Idan Babban Jojin jiha zai kai ziyarar rage cunkoso gidan yari, lauya ya yi ƙoƙari sunan ɗan'uwanku ya shiga jerin da za a duba.

Mataki na takwas: sauraron shari'a da sulhu

Mai gabatar da ƙara ne ke fara kawo shaidu, lauyanku ya yi musu tambayoyi. Nauyin hujja a kansa yake, kuma sai ya kawar da duk wani kokwanto mai ma'ana. Lokacin da aka zo miƙa takardar iƙirari, a nan take lauya zai tashi ya ce da duka aka samo ta, sai kotu ta yi ƙaramar shari'a a kan wannan batu kaɗai. Idan aka bari ta shiga ba a yi magana ba, gyara yana da wuya. Bayan gwamnati ta rufe shaidunta, lauya yana iya roƙon a sallami mutum idan hujjar ba ta kai a ce ya kare kansa ba. In kotu ta ƙi, sai ku kawo naku shaidun.

Kada kowa a dangi ya je gidan shaida ko mai ƙara da barazana ko da kuɗi. Wannan yana jawo a soke beli. Sulhu kuwa yana da ƙofarsa ta halal: a ƙananan laifuka irin faɗa, ƙaramin rauni ko rikicin kuɗi, dattawa ko mai unguwa suna iya sasantawa, a rubuta, a kawo wa kotu ta amince. Kisan kai, fyaɗe da fashi da makami ba a kashe su da sulhun zaure. Akwai kuma yarjejeniyar amsa laifi don a rage tuhuma ko hukunci, sashe na 270 na ACJA. Tana da amfani idan hujja ta yi ƙarfi, amma a yi ta a rubuce, da lauya, bayan an ga abin da gwamnati ke riƙe da shi.

Mataki na tara: hukunci da ɗaukaka ƙara

Idan an same shi da laifi, kafin a yanke hukunci kotu za ta ba shi damar neman sassauci. A shirya wannan tun kafin ranar: cewa wannan ne karonsa na farko, iyalin da yake ciyarwa, rashin lafiya idan akwai, diyyar da ya riga ya biya. Lauya ya tuna wa kotu ta lissafa zaman da ya yi a tsare, kuma a ƙananan laifuka ya roƙi tara ko aikin yi wa al'umma hidima, wanda Dokar Hukumar Gidajen Gyaran Hali ta 2019 ta ƙarfafa.

Ɗaukaka ƙara tana da wa'adi. Daga kotun majistare zuwa babbar kotu galibi kwana 30 ne, daga babbar kotu zuwa Kotun Ɗaukaka Ƙara kwana 90, daga can zuwa Kotun Ƙoli kwana 30. Wanda ya makara sai ya roƙi a ƙara masa lokaci tare da kawo dalili, kuma ba dole ne a ba shi ba. Don haka a ranar da aka yanke hukunci ku rubuta takardar neman tabbataccen kwafin hukuncin da bayanan zaman kotu, ku biya kuɗin a rajistara ku karɓi rasit. Idan kuma an wanke shi an sallame shi, nan ma ku karɓi kwafin, domin sashe na 36(9) na Tsarin Mulki ya hana a sake gurfanar da mutum a kan laifin da aka riga aka yi masa shari'a, kuma wannan takarda ce za ku nuna. Da ita kuma za ku nemi a mayar muku da waya, babur ko kuɗin da aka riƙe a matsayin shaida.